Ƙusoshin ƙafar gaba a cikin langata

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, wanda 'yan warsha, wato garejin gyaran mota, a nan Madina suke kira Usta, ma'ana gwanin sana'a. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Larabawa maƙwabtanmu Abu Usman suke ce masa, da sunan ɗanmu na fari, abin da a Zariya inda aka haife ni ko da wasa ba a yi. Haifaffen Madina ne. Kakansa ya taso daga Kano da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan kafin ya tsallako teku. Ni kuwa aure ne ya kawo ni, da karatuna na aji huɗu da langunan da uwata ta haɗa mini. In ka cire Harami da Ƙuba da gidan suna, ba inda ƙafata take zuwa. Ɗakina ya ishe ni, kunnena kuma yana kawo mini labarin unguwar Ƙurban tun daga bakin titi. Ina cikin kicin nake sanin wane maƙwabci ne ya dawo, daga yadda ya rufe ƙofar motarsa.

Usta bakanike ne, kuma a cikin kanikancin ma ƙafar mota ya fi sani, wato duk ƙarafan nan da suke riƙe da taya suna haɗa ta da jikin mota. Yakan ce inji in ya mutu tsayawa kawai za ka yi a gefen hanya ka jira, amma ƙafar gaba in ta saki, sai dai a jira ka a masallaci. Ba mai yawan magana ba ne, ni ce nake yi mana mu biyu. Sai dai in aka taɓo ƙusa da noti, to ranar nan ni ce mai sauraro.

Yanzu in na ji jikokina suna hirar motoci, nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, amma ina gane abin da suke faɗa. Sun ce bakanike a yau ba ya kwance komai sai ya ɗauki hotonsa da wayar hannu. Sun ce na'ura ake jona wa mota ta faɗi inda yake mata ciwo, abin da ya lalace kuma a cire shi ɗungurungum a jefar, a sa sabo. Ban ce zai ƙi ba, don mutum ne mai son abin da zai sauƙaƙa aiki. Hoton wayar nan ma na tabbata da ya yi murna da shi, don da yana da shi a lokacin, da ban jawo masa abin da na jawo masa ba.

Bai daɗe da buɗe warsharsa ta kansa ba, bayan shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashin wasu, sai wani Balarabe mai suna Abu Majid ya zo masa daga Yanbu. A matatar mai yake aiki. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Ingila, mai kujera biyu, marar rufi, gajeriya kamar za ta taɓa ƙasa, irin waɗanda aka yi don gudu. Ta mahaifinsa ce. Bayan tsohon ya rasu ta yi shekara da shekaru a cikin wata rumfa a gonarsu ta dabino a Khaibar, kaji suna kwana a kanta. Abu Majid ya kai ta warsha biyu, duka suka ce za su zubar da tsofaffin ƙarafan ƙafar su sa sababbi. Shi kuwa ba haka yake so ba. Yana so motar ta koma yadda ubansa ya tuƙa ta yana yaro a gefensa, ƙusa ba ta canza ba.

Usta ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito ya ba mutumin hannu a gaban masu warshoshin da ke kusa. Ya yi alkawarin duk ƙusa da notin da ya kwance daga ƙafar gaba, in na asali ne, zai mayar da shi ramin da ya fito. Da ya dawo gida yake ba ni labari, na ce masa alkawari fa kaya ne. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya gwada nauyinsa kafin ya ɗauka. Wasu a layin nasu kuwa suna cewa ya ɗebo ruwan dafa kansa, sabon buɗewa da shi zai karɓi aikin da manya suka ƙi. Ido ya zo kansa, sunansa duka ya rataya a kan motar nan.

Saboda hannu ya yi yawa a warsha, sai ya kwaso ƙusoshin ya kawo gida, ya ajiye a ɗakin baƙi. Ya samu wani babban kwalin dabino ya buɗe shi, ya zana ƙafar motar a jiki, dama da hagu, ya huda ramuka, kowace ƙusa ya soke ta a daidai wurinta a zanen, ya rubuta wani abu da Larabci a ƙasa. Ƙananan notuna da zobban ƙarfe ya rarraba su a finjalan gahawata, kowane da 'yar takarda. A gefe kuma akwai wani gwangwanin madara cike da ƙusoshinsa na kansa, waɗanda ya daɗe yana tarawa. Ya ce mini kada a taɓa. Na ji, na kuma ce to.

Ranar da abin zai faru ya tafi Jidda, wurin da ake kwance matattun motoci, neman wasu robobi. Da hantsi aka bugo waya cewa Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta gama umara da wasu mata biyar 'yan unguwarmu, suna hanya za su iso kafin magariba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ƙa'idar: baƙon Manzo daga gida ba ya sauka a masauki kana da rufin ɗaki. Na shiga ɗakin baƙi, warin kananzir ya buge ni, ga kwali duk baƙin mai, ga finjalaina da zan ba baƙi gahawa cike da ƙarafa. Wallahi ban manta da maganarsa ba. Ni a tunanina, kada a taɓa yana nufin kada a ɓatar. Na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na juye finjalan, na juye gwangwanin, duka a cikin babbar langata mai murfi. Na wanke su da garin sabulu kamar ina wanke wake, na shanya su a rana, na ƙirga ban yar da ko ɗaya ba. Kwalin da takardun na kai bola, motar shara ta kwashe. Har ina jin daɗi zai dawo ya tarar na yi masa gyara. Ashe garin gyaran gira na tsone ido.

Washegari ya dawo. Ya gaida baƙi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sha tsiyar Gwaggo a kan Kanawa ya rama. Sannan ya biyo ni kicin ya tambaye ni kwali. Na ɗauko langa na buɗe masa ina murmushi. Na ji yadda numfashinsa ya tsaya, ya sake fitowa a hankali. Shekararmu goma sha tara da aure a lokacin, ban taɓa jin wannan numfashin ba. Ya jawo kujerar tsugunno ya zauna, ya sa hannu ya motsa ƙarafan.

"Bazazzagiya," in ji shi, "kin dafa ne, ko ɗanye za mu ci?"

Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. A hankali ya bayyana mini cewa na motar sun haura ɗari, nasa na gwangwani sun ninka su sau uku, kuma da yawa a ido kamarsu ɗaya. In ya sa wata a ramin da ba nata ba, za ta iya shiga, ta ɗauru, ta yi shiru wata shida, sannan ta saki a kan hanyar Yanbu. Na fara kuka. Ya ce in adana hawayen, idona yake bukata.

Daga baya na ji cewa wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayo sababbi, ya jiƙa su a tsohon baƙin mai kwana uku, ya ɗaura, ba wanda zai gane. Usta ya ce masa shi zai gane, kuma shi ne zai riƙa kwana da kansa.

Baƙina sun zo yin salla arba'in ne a Harami, kwana takwas, saboda haka yawancin yini ba sa gida. Shi kuma sai ya riƙa rufe warsha da la'asar ya dawo. Mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, langa a tsakiya, farantai uku na ƙarfe a gabanmu, mu yi ta tsinta har a kira magariba. Ran nan Gwaggo ta dawo da wuri ta same mu, ta riƙe haɓa ta ce ita dai ta ga abin da za ta ba da labari, a Madina ƙarfe ake tsinta maimakon shinkafa.

A kan tabarmar nan na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Abu na farko, sufana. Mutanen Ingila na wancan zamani da inci suke awo, motocin da suka cika gari kuwa da mili, wato milimita. Ya ba ni sufanun inci guda huɗu, ya ce duk kan ƙusar da sufana ta zauna masa daram, ba rawa, in ajiye a dama. Wanda ta yi masa sako-sako ko ta ƙi shiga, nasa ne na gwangwani. Wannan kaɗai ya rage mana fiye da rabi. Sai zare, wato layin nan da noti yake bi yana hawa. Na ƙafar motar siriri ne, a matse, sai ka sa farce kake jin yawansa. Ya ɗauki notin da ya tabbatar da shi ya ce in gwada da yatsu kawai: in ya hau sumul har ƙarshe, gidansu ɗaya, in ya yi juyi biyu ya cije, kada in tilasta masa, baƙo ne.

Sai kan ƙusar. Ashe akwai rubutu a kai, ni da na wanke su ban ma lura ba. Na asalin suna da 'yan haruffan maƙerarsu da wani harafi guda da ke nuna ƙarfin ƙarfen, sun ɗan shafe saboda tsufa. Launinsu toka-toka ne mai duhu, ba sheƙi, sababbin kasuwa kuwa suna walƙiya, wasu har da ruwan ɗorawa. Ya nuna mini waɗanda suke da santsin wuya, zaren bai kai sama ba, ya ce a nan ƙarfen ƙafar yake juyawa, in zare ya kai wurin zai riƙa ci kamar zarto. Wasu suna da ɗan rami a wutsiya, notinsu mai tsage-tsage a ka kamar katangar gidan dā, a zura siririyar waya ta ratsa, don kada girgizar hanya ta kwance su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake gane dama da hagu. Kowace ƙusa tana da tabon inda ta shekara talatin tana gugar ƙarfe. Sai ya tafi da ita warsha da safe, ya zura ta a rami, ya duba ko tabon ya hau kan tabo.

Faranti na uku na waɗanda suka fito daga jikin motar ne amma ba na asali ba. Akwai guda bakwai, ya gane su da zarensu da ya cinye. Wani bakanike can baya ya rasa na inci, ya ɗauki na mili ya tura da ƙarfin tsiya har ya ɓata zaren ramin. Usta ya daɗe yana juya ɗaya a hannunsa, ya ce ba zai zagi mutumin ba, wataƙila a tsakiyar sahara motar ta tsaya masa, amma da ya bar wata alama da ya kyauta wa na bayansa.

A rana ta shida muka zo kan manyan guda huɗu, masu tsawon yatsa da rabi, waɗanda suke riƙe ƙasan ƙafar kusa da taya. Duka huɗun na asali ne, haruffa sun nuna, zare ya nuna, tabo ya nuna. Ya miƙo mini ya ce in sa a farantin dama. Ni kuwa tun ranar farko jefa su nake yi, kunnena ya saba da ƙararsu. Na jefa ta farko ta ce ƙil, ta biyu ƙil, ta uku ma haka. Ta huɗu ta faɗi ta ce ƙwas, ƙarar ta mutu nan take. Na ɗauke ta na sake jefawa. Na ce masa, "Malam, wannan ba ta da lafiya." Ya ce me na gani. Na ce ban ga komai ba, ji na yi. A kasuwar Zariya uwata ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, mai tsaga ba ta amsawa, ko da idonka bai ga tsagar ba.

Bai yi mini dariya ba. Ya rataye ta da zare ya buga da sufana, ya rataye 'yar'uwarta ya buga. Ya jiƙa ta da kananzir, ya goge, ya shafa mata alli ya ajiye a rana. Can sai ga wani siririn layi ya fito a cikin allin, a ƙarƙashin kai, ya kusa zagaye wuyan. Ya dube ni ya ce da a kwali take, da daga kwali sai rami, ba abin da zai sa ta faɗi a faranti. Ban ɗauki wannan a matsayin wanke laifina ba, shi ma ba haka yake nufi ba. Allah ne dai ya rufa asiri.

To, a nan kayan ya yi nauyi. Ƙusar ta asali ce, ya kuma yi alkawari a gaban mutane zai mayar da duk ta asali. Ya yi wata guda yana nema, Jidda, Makka, har saƙo ya aika Riyad, bai samu irinta mai haruffan ba. Abin da ya samu sabuwa ce, inci, zare da tsawo da ƙarfi duk daidai, sai dai ba ta zamanin motar ba ce. Ya kira Abu Majid ya zo gidanmu. Na kai musu gahawa na koma bayan labule, inda kunnena yake aikinsa.

Usta ya faɗa masa komai. Ya ce kwalin da ya jera ƙusoshin ya salwanta, sun cakuɗe da wasu, an sake tantance su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Usta ya ce, "A gidana aka yi, gidana kuwa ni ne." Sannan ya kawo maganar mai tsaga. Abu Majid ya ɓata rai, ya ce ai ƙusar ta shekara talatin ba ta karye ba, shi kuma ba tsere zai yi ba, ranar Juma'a kawai zai ɗan zaga bakin teku. Ya tuna masa alkawari da mutanen da suka shaida. Usta ya ce gaskiya ne ya yi alkawari, kuma ga shi yana karya shi da bakinsa a kan ƙusa ɗaya, in ya so ya je layin warsha ya faɗa wa kowa. Ya ce mota tasa ce, yana iya ɗauke ta a kan babbar mota ya kai wa wanda zai ɗaura, amma ba da hannunsa ba.

Na ji ƙarar finjali a kan faranti sau biyu. Sai Abu Majid ya tambaya, a gefen wa ƙusar take. Usta ya ce gefen mai zaman banza. Mutumin ya ce nan ne kujerar da yake zama yana yaro, nan kuma ɗansa zai zauna. Ya ce a sa sabuwar, tsohuwar kuma a ba shi ya ajiye.

Ranar da za a ɗaura ta, Usta ya ɗiga mata jan fenti a ka, ita da guda bakwai ɗin da ya maye gurbinsu. Abu Majid ya ce ai wannan tona wa kai asiri ne, a bar su su saje mana. Usta ya ce shi da mai motar duk za su tafi su bar ta, wani zai kwanta a ƙarƙashinta wata rana yana neman sanin wacce ce ta asali, bai kamata a bar shi yana canka ba. A layin warsha an ɗan yi surutu, wasu suka ce ai ga shi bai cika alkawari ba. Surutun bai daɗe ba. Sai dai ban ce daga nan aiki ya yi ta zubo masa ba, don bai samu lokacin ba. Shekara biyu bayan haka ciwon zuciya ya kwantar da shi kwana tara, aka yi masa salla a Harami aka kai shi Baƙi'a.

Warshar yanzu wurin wankin mota ce. Sufanunsa na inci suna cikin akwati, ba wanda ya san abin da zai yi da su. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ni ce na juye ƙusoshin ba, ko 'ya'yanmu a wannan rubutun za su fara ji. Na daɗe ina auna abin da ya rage nasa a duniya, don bai bar gini ba, bai bar suna a allon kowane titi ba.

Bara ɗanmu na fari, wanda yanzu yake aiki a Yanbu, ya bugo mini waya da yamma. Ya ce ya ga motar a bakin teku, ɗan Abu Majid ne yake tuƙa ta, uban ya tsufa yana gefe. Ya gabatar da kansa, ya roƙi izini, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya leƙa. Jan fentin yana nan, ya dushe amma yana nan. Tsohon ya gaya masa cewa bakanike uku sun taɓa motar tun daga lokacin, kowannensu ya fito daga ƙarƙashi yana tambayar wane ne ya yi wannan aikin, ɗaya ma ya nemi ya kankare fentin, shi ya hana.

Mutane suna sa hannu a inda suka yi bajinta. Maigidana ya ɗaura ƙusa sama da ɗari daidai, bai sa wa ko ɗaya alama ba. Inda ya kasa cika maganarsa, nan ya ɗiga ja don kowa ya gani. Allah ya jiƙansa, ya sa yadda bai rufe wa na bayansa gaskiya ba, shi kuma a rufa masa asiri ranar da za a kwance kowa a duba.